Ƙafar Inna ce ta zaɓa mana masauki a Santambul



Kamfanonin da ke sayar da tikitin yawon buɗe ido cikin manyan jiragen ruwa, abin da masu jin Faransanci suke kira «croisière», sun ƙware wajen bayyana wa mutum abin da zai tarar daga lokacin da ya sa ƙafa cikin jirgin: irin ɗakin da zai kwana, da abincin da za a ba shi, da garuruwan da za a yada zango. Abin da ba su cika faɗa ba shi ne yadda iyali za su yi da kansu a birnin da jirgin zai tashi, tsakanin saukarsu daga jirgin sama da shigarsu na ruwa. Waɗannan ƴan kwanaki kuwa, a ganina, a kansu sauran tafiyar take ratayawa, musamman idan akwai tsoho ko tsohuwa cikin ayarin. Wanda ya shiga jirgi da kumburarriyar gwiwa, kwana bakwai ɗin da aka biya masa a kwance zai yi su.

A farkon watan Yuni na 2023 muka yi irin wannan tafiya daga birnin Santambul na ƙasar Turkiyya, wanda a taswirar yau ake rubutawa Istanbul. Mu biyar ne: ni da maiɗakina da ɗiyarmu, da mahaifiyata Inna wadda ta haura shekara 70 kuma take dogara sanda, sai autanmu da ke aiki a Faransa. Shi ya biya kuɗin jirgin ruwan, ni kuma aka bar mini neman masauki da zirga-zirgar cikin gari. Da aka kai wa Inna maganar ba ta nuna ɗoki ba, teku ba ta dame ta ba. Sharaɗi ɗaya ta gindaya, cewa in dai a Santambul ne, to sai an kai ta ziyarar kabarin Sahabi Abu Ayyubal Ansari, Allah Ya ƙara masa yarda. Ke nan nauyi biyu ne a wuyana: in kai ta inda ta roƙa, in kuma shigar da ita jirgi da ƙafarta.

Tun farko na tsaya a kan sai mun kwana biyu a birnin kafin ranar tashi, ko da yake Auta yana ganin kwana ɗaya ya isa. Daga Maraɗi zuwa Yamai tafiya ce ta fiye da kilomita 600 a mota, sannan a kwana a zaune cikin jirgin sama. Jirgin ruwa kuma ba motar tasha ba ce da za a roƙi direba ya jira wani fasinja. Ana rufe rajistar shiga tun kafin lokacin tashi, wanda ya makara ya yi asarar kuɗinsa. Idan jirgin sama ya yi jinkiri, ko akwati ya tsaya a baya sai jirgi na gaba ya kawo shi, kwana na biyun nan ne ke ceton mutum. Shirin zaune ya fi na tsaye.

Wahalar ta soma ne da kalmar «tsakiyar gari». A Maraɗi idan aka ce tsakiyar gari kowa ya san wajen babbar kasuwa ake nufi. Santambul birni ne mai mutum sama da miliyan 15, fiye da rabin al'ummar Nijar baki ɗaya, yana kwance a nahiyoyi biyu, mashigin ruwan Bosforas ya raba ɓangaren Turai da na Asiya, wani reshen ruwa mai suna Haliç kuma ya sake raba ɓangaren Turai gida biyu. Duk otal ɗin da ka duba a intanet zai ce maka a tsakiyar gari yake, kuma ba ƙarya ya yi ba. Zan rubuta sunayen unguwannin yadda suke a allunan hanya, domin su matafiyi zai nema da idonsa. A dai lura cewa harafin c na Turkanci j ake karanta shi, mai ƴar wutsiya a ƙasa, wato ç, shi ne c ɗinmu na Hausa.

Shawara ta zo mini daga wurare uku. Ƴan kasuwarmu masu zuwa saro tufafi suka ce kada in wahalar da kaina, in sauka Laleli ko Aksaray, inda mutanenmu suke, ga otal mai sauƙin kuɗi, ga wanda zai yi maka tafinta. Gaskiya suka faɗa a kan abin da ya kai su. Amma unguwa ce ta dila da ƴan dako da ofisoshin aika kaya, tun safe amalanke ke gudu a kan hanyar masu tafiya a ƙasa, kuma tsohuwa mai sanda ba ta da abin yi a can. Auta ya ce Taksim, don nan ne abokan aikinsa ke sauka, kuma a taswira bai kai kilomita biyu ba daga tashar jirgin ruwan. Maiɗakina kuwa ta ce Sultanahmet, kusa da manyan masallatai, ta yadda za a riƙa jin kiran salla daga ɗaki.

Taswira tana nuna nisa, ba ta nuna hawa. Tun zamanin da ana yi wa tsohon birnin kirari da mai tuddai bakwai, kuma Taksim ma, da ke ƙetaren Haliç, a bisa wani dogon tudu yake. Shaidar tsananin hawan ita ce tun 1875 aka haƙa ramin jirgin da ake kira Tünel don ya ɗauke wa mutane hawa daga Karaköy zuwa sama, tafiyar da ba ta kai mita 600 ba, a 2006 kuma aka ƙara wani irinsa daga Kabataş zuwa dandalin Taksim. Inda mazauna gari da kansu suka ga sai an yi musu jirgi kafin su hau, ba wurin da zan kai gwiwar Inna ba ne. Ban da haka, lungunan da ke gefen babban titin İstiklal cike suke da mashaya da kiɗa har tsakar dare. Sultanahmet kuma yaudararsa ta fi laushi. Masallatan da tashar jirgin titi suna sama, amma yawancin ƙananan otal-otal masu sauƙin kuɗi suna gangaren da ya nufi tekun Marmara. Idan aka rubuta «mita 400 daga masallaci», ba a rubuta cewa mita 400 ɗin hawa ne a kan daɓen duwatsu masu kama sanda da tayar akwati ba.

Sai na ajiye sunayen unguwanni, na bi layin jirgin titi, wato taram mai lamba T1, wanda ke tasowa daga Bağcılar ya ƙare a Kabataş. Wannan layi kamar zaren carbi yake, kusan duk abin da baƙon kwana biyu ke bukata a jikinsa aka zura shi: Laleli, da Beyazıt inda babbar kasuwa mai rufi take, da Sultanahmet, da Gülhane, da Sirkeci, da Eminönü, sannan ya haye gadar Galata zuwa Karaköy da Tophane, inda tashar jiragen yawon buɗe ido mai suna Galataport take. Daga Laleli zuwa Tophane tasha 8 ce. Daga Sirkeci tasha 3 ce, zuwa Sultanahmet kuma tasha 2, taram ɗin ne zai yi hawan a madadin mutum. Sirkeci, da ake furtawa Sirkeji, tana ƙasa kusa da bakin ruwa, gefen tsohuwar tashar jirgin ƙasa da aka buɗe a 1890. Karaköy ta fi kusa da jirgin, ita ma bakin ruwanta shimfiɗe yake, amma tun da aka buɗe Galataport a 2021 unguwar ta yi tsada, dare kuma ba ya mutuwa da wuri a can.

Ko a Sirkeci ɗin ba kowane otal ba. Da ka ba ruwa baya ka yi ƴan taku, titi ya soma hawa. Na ware otal huɗu a ɓangaren ƙasa, na rubuta wa kowanne ta WhatsApp, ban tambayi taurari nawa gare shi ba. Na ce a ɗauko mini hoton ƙofar shiga daga kan titi, a ƙirga mini matakala nawa ce daga titi zuwa na'urar hawa bene, wato asansa, a kuma faɗa mini ko asansar tana kaiwa har inda ake karin kumallo. Wannan tambaya ta ƙarshe ita ta fitar da wanda hotunansa suka fi kyau, domin yawancin ƙananan otal na tsohon birni tsofaffin gidaje ne siri-siri, ɗakin cin abincinsu a kan rufi yake don a hango teku, kuma a wannan asansar a hawa na ƙasa da rufin take tsayawa. Wani bai amsa ba sam, na ɗauki shirun a matsayin amsa. Wanda muka zaɓa matakala biyu gare shi a ƙofa, wankansa na tsaye ne ba kwarmin da sai an ɗaga ƙafa an shiga ba, kuma ya yarda ya ba mu ɗakuna biyu masu kallon juna. Ya fi na Laleli tsada, ban ɓoye wa Auta ba. Da yake kuɗin ƙasar, lira, darajarsa na sauka shekara bayan shekara, otal-otal da yuro suke yanka farashi, wannan kuwa ya sauƙaƙa mana lissafi, tunda yuro ɗaya sefa 656 ne ba ya motsi.

Filayen jirgin sama biyu ke aiki da fasinja a birnin, kuma wajibi ne mutum ya duba tikitinsa ya san wanne ne nasa. Babban filin, wanda ya karɓi aikin tsohon filin Atatürk a 2019, yana wajen kilomita 40 daga tsohon birni. A nan muka sauka. Akwai manyan motocin Havaist masu zuwa Taksim da Aksaray, akwai kuma jirgin ƙarƙashin ƙasa M11 da aka buɗe a Janairun 2023, aka tsawaita shi zuwa Gayrettepe a 2024. Ga matashi mai jaka ɗaya a baya duka biyun alheri ne. Ga mu masu akwati biyar da tsohuwa, sauyin jirgi da dogayen barandun ƙarƙashin ƙasa sun fi ƙarfinmu, sai na sa otal ɗin ya aiko mana da mota a kan kuɗin da muka daidaita tun muna gida. Auta shi a ɗaya filin ya sauka, Sabiha Gökçen, a ɓangaren Asiya, ya shiga jirgin M4 ya sauya zuwa Marmaray, wanda tun 2013 yake ratsawa ta ƙarƙashin Bosforas, ya fito a Sirkeci ɗin kanta. Ya iso yana cewa ashe unguwar tawa ba laifi.

Da safe muka isa, otal kuwa bisa al'ada sai wajen ƙarfe 2 na rana yake ba da ɗaki. Na riga na roƙi a ba mu ko da guda ɗaya da wuri saboda Inna, aka kuwa ba mu. Abu na farko da ta tambaya bayan ta zauna shi ne: «Malam, ina gabas?» (Da yake ni ne ɗan fari, ba ta taɓa kiran sunana.) Na ce: «Inna, a nan alƙibla ba gabas take ba, kudu maso gabas ce, ta ma fi karkata kudu.» Ta dube ni, ta dubi alamar da wayata ta nuna, ba ta gamsu ba sai da ta leƙa wani ƙaramin masallaci a bayan otal ɗin ta ga inda mihrabinsa ya fuskanta. Lokutan salla ma sun ba ta mamaki, domin a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 8 da rabi, isha'i kuma sai wajen 10 da rabi. Butarta da ta matsa sai an sa mata cikin kaya ta yi amfani wajen alwala, ko da yake makewayin Turkawa yana da ƴar hanyar ruwa a jikinsa don tsarki.

Zirga-zirgar cikin gari kati ɗaya ke buɗe ta, Istanbulkart, wanda ake saye a kuma zuba masa kuɗi a na'urorin da ke tashoshi. Da shi ake shiga taram, da bas, da jirgin ƙarƙashin ƙasa, da jirgin fito. Daɓen tashar taram daidai yake da ƙofar jirgin, babu ɗaga ƙafa, kuma ba mu taɓa shiga ba tare da wani saurayi ko budurwa ya miƙe ya ba Inna kujera ba. Cunkoso dai akwai shi, musamman da yamma tsakanin Beyazıt da Eminönü, don haka muka mai da fitarmu ta safe da bayan la'asar sakaliya, fasfo kuma muka bar su a akwatin ƙarfen ɗaki. Wani abin da ya ba mu dariya, ya kuma taimake mu, shi ne yawan kalmomin Faransanci da ke cikin Turkanci: asansör, bilet, bagaj, otobüs, tuvalet. Ɗiyata ta ce ashe rabin allunan garin ta iya karanta su tun daga lakwal. Abinci bai ba mu wuya ba. A lungun Hocapaşa, nan cikin Sirkeci, akwai gidajen abinci da ake kira lokanta, inda tukwane ke jere a bayan gilashi mutum ya nuna da yatsa. Inna ta tsaya a kan miyar adas da shinkafa da wake, ta ce wannan dai ta san danginsa. Gidajen kifin da ke ƙarƙashin gadar Galata da yawansu suna sayar da giya, mai iyali ya duba kafin ya zauna.

Washegari muka cika alkawari. Taram tasha biyu zuwa Karaköy, daga nan muka shiga jirgin fiton da ke bin Haliç har Eyüpsultan. Tun watan Agustan 2023 akwai taram T5 da ke tashi daga Eminönü ya bi gaɓar ruwan zuwa can, amma ko yau aka ba ni zaɓi jirgin fiton zan ɗauka, saboda mutum yana zaune da ƙaramin kofin shayi a hannu birnin ke wucewa ta gabansa. Daga bakin ruwa zuwa masallacin tafiya ce gajera a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Abu Ayyub shi ne wanda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sauka a gidansa da ya yi hijira zuwa Madina; ya rasu yana tsoho cikin rundunar da ta zo wa wannan birni a zamanin Mu'awiya, Sarki Muhammadu na biyu kuma ya gina masallaci a wurin bayan ya ci birnin a 1453. Inna ta yi sallama, ta yi addu'arta, sannan ta nemi wuri a farfajiyar ta zauna kusan awa guda ba ta ce da kowa komai ba. Da muka tashi ta ce da ni: «Wanda ya saukar da Annabi a gidansa, ga shi shi ma baƙo a ƙasar wasu.» Daga nan ba ta ƙara maganar ba.

A nan ne muka sami saɓani da Auta. Yana da jerin wurare a wayarsa: fadar Topkapı, da masallacin Süleymaniye da magini Sinan ya kammala a 1557, da hasumiyar Galata, da kasuwa mai rufi, yana ganin asara ce a zo har nan a bar su. Na ce masa Süleymaniye a kan tudu yake, Inna ta riga ta gan shi daga cikin jirgin fito, Topkapı kuma yini guda ne na tafiya a ƙasa. Ita ce ta raba gardamar, ta ce: «Auta, ku je ku gano mini, jiki magayi.» Shi da ɗiyata suka tafi, yarinyar tana tsokanar kakarta wai kishiya ta gaza. Mu uku muka hau taram zuwa Sultanahmet, muka yi la'asar a masallacin mai hasumiya shida, wanda aka sake buɗewa a Afrilun 2023 bayan gyara na shekaru, muka zauna a dandalin muna kallon Aya Sofiya, wadda aka mayar masallaci a 2020. Mai shirya irin wannan yini ya sani cewa Topkapı ba ta buɗewa ranar Talata, kasuwa mai rufi kuma ranar Lahadi.

Da yammacin ranar, ni da Auta muka je Tophane don mu ga ƙofar tashar da idonmu, gani ya kori ji. Galataport ta miƙe fiye da kilomita ɗaya a bakin ruwa, da shaguna da wuraren cin abinci, amma zauren fasinja, da wurin duba fasfo da karɓar kaya, duk a ƙarƙashin ƙasa suke. Idan jirgi ya tsaya sai wasu faifan ƙarfe su taso daga daɓen su zama katanga tsakaninsa da masu yawo. Wanda bai san haka ba zai yi ta jan akwati a sama yana hangen jirginsa ya rasa ta inda ake shiga. Muka tambayi inda mota ke sauke fasinja, muka yi magariba a masallacin Kılıç Ali Paşa da ke tsallaken dandalin, wanda Sinan ya gina wa wani babban kwamandan jiragen ruwan daular Usmaniyya, muka komo.

Ranar tashi ban yarda da taram ba duk da kusancin, domin akwati biyar cikin cunkoso fitina ce. Ban kuma dogara da tasi na kan titi ba, tunda a daren farko wani direba da ya ji inda za mu ya ga tafiyar gajera ce, ya ɗaga gilashinsa ya wuce. Tun da dare na sa mai karɓar baƙi ya tanadar mana mota babba. Takardu na riƙe su a jikina: jirginmu zai tsaya a tsibiran Girka, don haka sai da bizar Shengen ga masu fasfo irin namu, kuma ana duba ta tun a ƙofar shiga ko da mutum ya ce ba zai sauka ba, bizar Turkiyya ma sai mai shiga fiye da sau ɗaya, tunda fita za a yi a dawo. Manyan akwatuna ana karɓe su a ƙofa, ba sa isa ɗaki sai can da yamma, saboda haka maganin hawan jinin Inna da tabaranta da dardumarta suka shiga jakar hannun maiɗakina. Ma'aikatan tashar sun kawo keken guragu, Inna ta ce a bar wa mai bukata, ta bi dogon barandan da sandarta a hankali har cikin jirgin.

Bayan kwana bakwai jirgin ya dawo da mu da sassafe, namu na sama kuwa sai washegari, don haka na riga na kama mana kwana ɗaya a otal ɗin nan tun kafin mu tafi. Da hantsi Inna ta ce za ta fita ita kaɗai. Ta sauka matakala biyun, ta bi lungun zuwa shagon da ta gani tun zuwan farko, ta sayo alewar lokum kwali shida ta tsarabar jikoki da maƙwabta, da yatsa ta yi cinikin.